Zaɓen yara 'yan shekara 18 a NHL: wa ya fi ɗaukar kasada, kulob ko yaron?

Abban Yara (Edmonton):
Assalamu alaikum jama'a. Akwai abin da ya daɗe yana damuna game da yadda NHL, babbar gasar ƙwararru ta Amurka da Kanada, ke zaɓen sabbin 'yan wasan hokin ƙanƙara, ina so mu zauna a kansa. Duk shekara da bazara kulob 32 sukan raba yara fiye da ɗari biyu a tsakaninsu, zagaye bakwai. Sharaɗin shi ne yaro ya cika shekara 18 zuwa 15 ga Satumba na wannan shekarar, ke nan akwai waɗanda ake kiran sunansu suna da 17. A wannan shekarun jiki bai gama ginuwa ba, hankali bai gama zama ba, amma a kansa kulob zai ɗora makomarsa ta shekara goma.

Mu nan Edmonton mun ga abin da idonmu. A 2012 muka ɗauki Nail Yakupov a lamba ɗaya. Kakarsa ta farko ya ci 17 a wasa 48, babu sabon ɗan wasan da ya kai shi ci a waccan kakar. Bayan shekara shida ya tattara ya koma Rasha, yana da maki 136 (ci da taimakon ci a haɗe) a wasa 350. Ra'ayina shi ne a ɗaga shekarun zuwa 19, in da hali ma 20. Abin da ake yi yanzu cinikin biri a sama ne.

Ɗan Fagge:
Wa alaikumus salam. Yaya, ku yi mini uzuri, ni ƙwallon ƙafa na sani, hokin nan kwanan nan na fara kallo. Wato yaro ba shi da ikon zaɓar kulob ɗin da yake so? Kuma me ya sa kulob ɗin da ya fi lalacewa shi ke fara zaɓa?

Tsohon Gola:
Haka ne ƙanina. Babu faɗuwa zuwa rukuni na biyu a NHL, to hanyar da suke ɗaga kulob mai rauni ita ce a ba shi damar fara ɗaukar yaron da ya fi kowa. Wanda ya ci kofin Stanley, wato kofin zakaran gasar, shi ne na ƙarshe a layi. Lambobin farko kuma ƙuri'ar sa'a ake yi tsakanin waɗanda ba su kai wasannin kofi ba. In kulob ya kira sunanka, haƙƙin sa maka hannu a NHL nasa ne shi kaɗai na wasu shekaru. Kana iya ƙi, an yi masu ƙi, amma abin yana da tsada.

Abban Yara, ban yarda da kai ba, kuma da Yakupov ɗin da ka kawo zan kafa hujja. Ka lissafa kocin da yaron nan ya yi aiki a ƙarƙashinsu a kaka huɗu da ya yi muku: Ralph Krueger, Dallas Eakins, Todd Nelson, Todd McLellan. Kowa da tsarinsa, kowa da abin da yake so yaron ya zama. A ƙarƙashin Krueger ya yi ƙoƙari, aka sallami Krueger bayan kaka ɗaya tak. Wannan ba matsalar shekarun zaɓe ba ce, matsalar gidan da ya faɗa ce. Ko yana da shekara 20 ya zo, wannan rikicin zai tarar.

Abban Yara (Edmonton):
Malam, na yarda kulob ɗin yana cikin ruɗani a lokacin, ba na musu. Amma Taylor Hall da Ryan Nugent-Hopkins a cikin wannan ruɗanin suka taso, 2010 da 2011, su ma lamba ɗaya, kuma sun zama 'yan wasa. Abin da ya hana Yakupov shi ne rashin iya karanta wasa: inda zai tsaya in faifan da ake bugawa ba ya hannunsa, lokacin da zai koma tsaro. A Sarnia, cikin yara sa'o'insa, gudunsa da ƙarfin harbinsa sun rufe wannan aibin. Da an bar shi shekara biyu yana wasa da manya kafin a yi zaɓe, da kowa ya gani. Duba wannan shekarar gaba ɗayanta ma: Ryan Murray na biyu, Alex Galchenyuk na uku, Griffin Reinhart na huɗu. Waɗanda suka fi amfani a ƙasa suke. Filip Forsberg na 11, Andrei Vasilevskiy na 19. Mutanen da aikinsu ke nan, shekara guda suna yawo daga wannan fili zuwa wancan, huɗun farko duk ba su dace ba.

Baƙon Winnipeg:
Ku ƙara da golanmu. Connor Hellebuyck a wannan zaɓen na 2012 aka ɗauke shi, lamba 130, zagaye na biyar, yana wasa a wani ƙaramin kulob a Odessa ta jihar Texas. Yau ya ci kyautar Vezina ta gwarzon gola sau uku, 2020 da 2024 da 2025, har da Hart ta gwarzon gasar baki ɗaya a 2025. Kowane kulob ya wuce shi sau da dama, har mu da muka ɗauke shi.

Tsohon Gola:
Tunda kun taɓo gola, a nan kam ina tare da Abban Yara. Babu gurbin da ya fi wuyar hasashe kamar tsaron raga. Ɗan gaba yakan nuna kansa da wuri, gola sai ya haura ashirin da 'yan kai kafin a san ko wane ne, don yawancin aikin a kai yake: haƙuri, da mantawa da cin da aka yi maka minti ɗaya da ya wuce. Abin da New York Islanders suka yi a 2000 har yau in na tuna raina yana ɓaci. Suna da Roberto Luongo a hannu, wanda suka ɗauka na huɗu a 1997, suka sayar da shi ga Florida don su buɗe wa Rick DiPietro wuri, suka ɗauke shi lamba ɗaya. A 2006 suka ba shi kwantiragin shekara 15 kan dala miliyan 67.5. Ciwon ƙugu da gwiwa da buguwar kai suka cinye shi, a 2013 suka biya shi ya tafi. Luongo kuwa yana cikin zauren gwarazan hoki. A wannan zaɓen na 2000 ɗin, maƙwabtansu Rangers suka ɗauki Henrik Lundqvist a lamba 205. Patrick Roy na 51 ne a 1984, Dominik Hasek na 199 a 1983.

Amma wannan hujja ce ta cewa kada ka ɓata lambar farko a kan gola. Ba hujja ce ta hana kowa ba.

Ɗan Damagaram (Montreal):
Sannunku da hira. Ni abin da nake gani a nan Montreal daban ne: ba rashin sani ke kayar da kulob ba, son rai ne. Suna da jerin sunaye, amma in lokaci ya yi sai su duba ramin da ke cikin tawagarsu yau, su ce bari mu cike shi. A 2018 muna neman ɗan tsakiya ido rufe, aka ɗauki Jesperi Kotkaniemi na uku. Nan take Ottawa ta ɗauki Brady Tkachuk na huɗu, Vancouver ta samu Quinn Hughes na bakwai. Aka jefa Kotkaniemi cikin manya yana da 18, jikinsa siriri, a garin da kowane kuskure sai an kwana ana maganarsa a rediyo da harsuna biyu. A 2021 ya koma Carolina. Tsofaffin garin nan har yanzu suna maganar 1980, da aka ɗauki Doug Wickenheiser aka bar Denis Savard, ɗan gida mai jin Faransanci, ya tafi Chicago ya zama gwarzo. Wickenheiser, Allah ya sani, bai taɓa samun sukuni a garin nan ba saboda laifin da ba shi ya yi ba.

Ramin da kake da shi yau ba shi ne za ka samu bayan shekara huɗu ba, lokacin da yaron zai nuna. Wannan kowa ya sani, amma manajan da kujerarsa ke rawa ba ya lissafin shekara huɗu.

Uwar Biyu:
Assalamu alaikum. Tun ɗazu nake karantawa. Duk maganarku kulob, kulob, kulob ya yi asara. Ni uwa ce, babban ɗana yana wannan wasan, to ta ɗaya gefen nake kallo. Kulob in ya yi kuskure, baɗi yana da wasu lambobi bakwai. Yaron fa?

Kuna ta jayayya a kan 18, alhali ba a 18 abin yake farawa ba. Gasar matasa ta yammacin Kanada, WHL, tana zaɓen yara a shekarar da za su cika 15. Ta Ontario a 16. Yaro ya bar gidan iyayensa, a kai shi wani gari mai nisan ɗaruruwan kilomita, ya zauna a gidan mutanen da bai sani ba, yana wasa fiye da sittin a kaka, yana kwana a bas, da safe a ce ya shiga aji. Kulob ɗin na iya musayarsa zuwa wani lardi a tsakiyar zangon karatu. Duk wannan kafin NHL ta san da zamansa. Kuma mafi yawansu ba za a taɓa kiran sunansu ba. Cikin waɗanda aka kira ma, mafi yawa ba sa zama 'yan NHL na dindindin. Ina so in ji wani ya yi maganar waɗannan.

Baƙon Winnipeg:
Hajiya, gaskiyarki. Abin da zan ƙara kawai shi ne gasannin matasan suna biyan kuɗin karatun jami'a gwargwadon kakar da yaro ya buga musu, shekara guda ta karatu a kan kowace kaka. Ba ya share hawayen duka, amma wani abu ne. Kuma daga 2025 jami'o'in Amurka sun buɗe ƙofa ga yaran da suka buga gasar matasan Kanada, wanda da haramun ne: da yaro ɗan 16 sai ya zaɓa, ko wannan hanya ko waccan, babu komawa. Gavin McKenna ya bi sabuwar hanyar, ya bar Medicine Hat ya tafi jami'ar Penn State.

Uwar Biyu:
Na san da wannan Malam, kuma na yi murna da shi. Amma karatu ba a jami'a yake farawa ba. Yaron da ya yi shekara uku yana barci a aji, da me zai shiga jami'ar? Mun taɓa zama da wani da ya ce shi mai ba iyaye shawara ne a harkar, ɗana yana da 13 a lokacin. Awa guda yana magana a kan tsawo da nauyi da wane sansanin horo za mu biya, bai tambayi ajin da yaron yake ba ko sau ɗaya. Ban sake ɗaga wayarsa ba.

Ɗan Damagaram (Montreal):
Maganar Hajiya ta tuna mini da Alexandre Daigle, don shi ne sunan da ake fara kira in ana zancen wanda ya ba da kunya, kuma ina ganin an zalunce shi. A 1993 Ottawa ta ɗauke shi lamba ɗaya daga Victoriaville. An zargi kulob ɗin da faɗuwa da gangan don su same shi, abin da ya taimaka aka ƙirƙiro ƙuri'a a 1995. Suka ba yaro ɗan 18 da bai taɓa taka filin NHL ba dala miliyan 12.25 na shekara biyar, wanda shi ma ya jawo aka sa wa albashin sabbin shiga iyaka. Aka ɗora masa kulob sabo fil, mafi rauni a gasar, aka ce ya zama fuskar masu jin Faransanci. Ranar zaɓe ya yi wata magana ta yarinta, cewa ba wanda ke tuna na biyu. Na biyun kuwa Chris Pronger ne, wanda ya ci Hart da Norris ta gwarzon mai tsaron baya a 2000, ya ɗaga kofi da Anaheim a 2007. Shekara talatin ana yi wa Daigle gori da wannan jimlar.

To amma ku duba abin da ya yi: wasa 616, maki 327. Da a zagaye na uku aka ɗauke shi, da an ce kulob ya yi dace. Lambar ce ta mai da shi abin dariya. Ya bar wasan yana da kusan 25, ya dawo bayan shekara biyu, ya yi kaka mai kyau a Minnesota inda ba wanda ke jiran ya ceci kowa.

Abban Yara (Edmonton):
To ai wannan ita ce maganata, ɗan'uwa. Da 20 aka zaɓe shi, da ba a ɗora masa abin da ba zai iya ba. Kuma ba sabon abu nake kawowa ba, da can 20 ne. Sai a ƙarshen shekarun 1970 aka sauke, lokacin da gasar hamayya ta WHA ke kwashe yara tun ba su kai ba. Wayne Gretzky yana da 17 ya sa hannu da Indianapolis a 1978, shi ya sa ba a taɓa zaɓensa a NHL ba. Gasa ce tsakanin 'yan kasuwa ta sauke shekarun, ba wani bincike ne ya nuna 18 ya fi dacewa da yaro ba.

Tsohon Gola:
Ba gasa kaɗai ba, har da kotu. Wani matashin ɗan wasa, Ken Linseman, ya kai ƙara a kan hana shi neman abincinsa saboda shekaru, kuma duk wanda ya ɗaga shekarun yau zai sake haɗuwa da irin wannan. Mutum ɗan 18 a Kanada yana jefa ƙuri'a, yana shiga soja, ka ce ba zai yi sana'arsa ba? Me za ka ce wa Sidney Crosby, da ya yi maki 102 a kakarsa ta farko yana 18? Me Connor McDavid zai ƙara koya a Erie in ka tsare shi shekara biyu yana wasa da yaran da ya fi ƙarfinsu? In ya karye a can, a kan ɗan alawus ɗin mako, wa zai biya shi? Rayuwar ɗan wasan hoki gajeriya ce, shekara biyu da ka cire masa a farko ba za su dawo a ƙarshe ba.

Auston Matthews ma misali ne. An haife shi 17 ga Satumba 1997, kwana biyu suka hana shi shiga zaɓen 2015. Bai zauna jira ba, ya tafi Zurich ya buga da manya a kan albashi. In kun ɗaga zuwa 20, haka duk manyan yaran za su riƙa yi, su tafi Turai.

Ɗan Fagge:
Tambaya ɗaya kuma. In kulob ya ɗauki yaro ya ga bai nuna ba, ba zai iya ba da shi aro kamar yadda ake yi a ƙwallon ƙafa ba?

Baƙon Winnipeg:
Ƙanina ka taɓo inda ciwon yake. Akwai gasar AHL, wadda kowane kulob ke da reshe a cikinta, nan ake renon 'yan wasa. Amma tsohuwar yarjejeniyar da aka yi shekaru ana bi tsakanin NHL da gasannin matasan Kanada ta ce yaron da aka zaɓa daga can, in bai kai 20 ba, ko dai ya zauna a NHL ko a mai da shi cikin yara. Babu tsaka-tsaki. An yi haka ne don ƙananan garuruwa kada su rasa taurarin da ke cika musu fili. To yaron da ya fi ƙarfin yara amma bai kai manya ba, ya zama ba shi da wurin zama. Shane Wright, da aka daɗe ana cewa shi ne lamba ɗaya a 2022 sai ya sauka zuwa na huɗu a Seattle, kakarsa ta farko yawanci a kan benci da tsalle daga wannan tawaga zuwa waccan ya yi ta.

Sannan akwai ƙa'idar wasa tara. Kulob na iya gwada yaro har wasa tara, in ya buga na goma shekarar farko ta kwantiraginsa ta ƙone. Mu Winnipeg mun yi amfani da wannan yadda ya kamata da Mark Scheifele: aka ɗauke shi na bakwai a 2011, mutane suna surutu an bar Sean Couturier, aka mai da shi kulob ɗinsa na matasa a Barrie sau biyu. Magoya baya sun ƙosa, amma ga shi fiye da shekara goma shi ne ɗan tsakiyarmu na farko.

Abban Yara (Edmonton):
Leon Draisaitl ma haka. Wasa 37 ya yi mana a 2014, abin bai tafi ba, aka mai da shi cikin yara a Kelowna. A 2020 ya ci Hart. Jesse Puljujarvi kuwa, na huɗu a 2016, aka riƙe shi yana hawa yana sauka, ga Turanci bai zauna masa ba, har ya gaji ya koma Finlan na wani lokaci.

Tsohon Gola:
To ka ga ka dawo kan maganata da bakinka, Alhaji. Kulob ɗaya, yara biyu, duka 'yan 18, bambancin shi ne abin da aka yi da su bayan ranar zaɓe. Dubi Cale Makar. Colorado ta ɗauke shi na huɗu a 2017 daga Brooks, kulob a wata ƙaramar gasa ta Alberta da ake ganin ba ta kai ba. Ba wanda ya ja shi. Ya yi shekara biyu a jami'ar Massachusetts, ya zo a shirye a 2019, a 2022 ya haɗa Norris da Conn Smythe ta gwarzon wasannin kofi da kuma kofin kansa. Detroit a zamaninta haka take yi. Pavel Datsyuk lamba 171 a 1998, bayan an tsallake shi a zaɓe biyu, bai zo Amurka ba sai 2001 yana da 23. Henrik Zetterberg lamba 210 a 1999, ya zauna a Suwidin har 2002. Tawagar cike take da manya, babu mai gaggawa. Illar tsarin ita ce yaron da ya fi kowa baiwa shi ake kaiwa gidan da ya fi kowa yunwa, inda ake buƙatar sayar da tikiti a watan Oktoba.

Uwar Biyu:
A zaɓen Makar ɗin nan wa aka ɗauka na biyu? Nolan Patrick, ɗan Winnipeg. Ciwon kai mai tsanani ya hana shi kaka guda cur, ga buguwar kai a kai a kai, kafin ya kai 25 ya daina wasa. Har yau ina ganin mutane suna rubuta sunansa cikin jerin waɗanda suka ci amanar kulob, kamar shi ya zaɓi ciwon. Patrik Stefan, lamba ɗaya a 1999, tun kafin a zaɓe shi yana fama da buguwar kai, amma abin da ake yaɗawa a kansa shi ne bidiyon ragar da babu gola a cikinta amma ya kasa ci a 2007. Alexei Cherepanov, da Rangers suka ɗauka na 17 a 2007, zuciyarsa ta tsaya a kan benci ana cikin wasa a Rasha a Oktoban 2008, yana da 19. Rodion Amirov na Toronto ciwon daji na ƙwaƙwalwa ya ɗauke shi a 2023 yana da 21. Waɗannan 'ya'yan wasu ne.

Ɗan Damagaram (Montreal):
Akwai kuma abin da suke kira hali, wanda masu farautar 'yan wasa ke rubutawa a rahotonsu, kuma yana iya ɗaga yaro ko ya binne shi. A nan ne labarin Akim Aliu ya shafe mu kai tsaye. A Okene ta jihar Kogi aka haife shi a 1989, uba ɗan Najeriya, uwa 'yar Yukren, ya taso a Kiev kafin su koma Toronto. A 2005, yana da 16 a Windsor, ya ƙi yarda da wulaƙancin da tsofaffin 'yan wasa ke yi wa sababbi, na cusa su tsirara cikin banɗakin bas. Sakamakonsa Steve Downie ya buge shi da sanda a baki wurin atisaye ya zubar masa da haƙora. Daga ranar aka yi wa Aliu tambarin mai taurin kai, kuma shi da kansa ya sha faɗin cewa tambarin ya bi shi. Chicago ta ɗauke shi na 56 a 2007, wasa bakwai kawai ya buga a NHL. A 2019 ya fito ya faɗi kalaman wariyar launin fata da kocinsa Bill Peters ya yi masa a AHL, Peters ya ajiye aikinsa a Calgary.

To wa ke auna halin? Irin mutanen da suka ga laifin yaron da ya ƙi a tozarta shi su ne kuma suka ɗauki Mitchell Miller a 2020, duk da kotun yara ta same shi da laifin cin zarafin wani baƙar fata mai naƙasa ɗan ajinsu. Sai da jarida ta tona sannan Arizona ta janye.

Uwar Biyu:
Labarin Aliu na karanta wa ɗana shi tun daga farko har ƙarshe, muka tattauna. Dole ne ya san abin da zai iya tararwa a ɗakin canza kaya, ya kuma san cewa in ya ce a'a muna bayansa ko da wasan zai ƙare a nan.

Baƙon Winnipeg:
Allah ya tsare shi, Hajiya. Ki kuma nuna masa Jarome Iginla, wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne. Dallas ta ɗauke shi na 11 a 1995, kafin ya buga musu ko wasa ɗaya suka ba Calgary shi suka karɓi Joe Nieuwendyk. Dallas ta ci kofi a 1999, Nieuwendyk ne gwarzon wasannin kofin, Iginla kuma ya gama da ci 625. Irin cinikin da kowa ya amfana ke nan, kuma yana nuna cewa wani lokaci kulob ɗin da ke neman kofi yanzu gara ya sayar da yaron ga wanda zai iya jiransa. Ɗan Iginla, Tij, shi ma Utah ta ɗauke shi na shida a 2024.

Game da awo kuma, kada a ruɗe ku da gwajin ƙarfi da ake yi musu kafin zaɓe. A 2014 Sam Bennett ya kasa ɗaga jikinsa a kan ƙarfe ko sau ɗaya, aka yi ta yamiɗiɗi. Calgary ta ɗauke shi na huɗu, ta yi shekaru ba ta san inda za ta ajiye shi ba, ta sayar da shi ga Florida a 2021. A 2025 shi ya ci Conn Smythe. Martin St. Louis babu wanda ya zaɓe shi sam saboda gajarta, ya ci Hart da kofi a 2004.

Abban Yara (Edmonton):
Malam Tsohon Gola, ga inda na tsaya. Na bar maganar 20. Amma ina nan a kan cewa zagaye na farko kaɗai ya kamata a bar wa 'yan 18, sauran zagaye shida a ce sai 19. Su Crosby da McDavid ba za su jira ba, babu wanda aka tauye. Sauran kuma a ƙara musu shekara guda ta girma kafin a yanke musu hukunci. Ka san yaran da aka haifa a farkon shekara sun fi yawa a gasannin matasa, don tun suna ƙanana ana raba su rukuni daga 1 ga Janairu, wanda ya girmi ɗan'uwansa da wata goma shi ake gani ya fi ƙarfi, shi ake ba koci mai kyau. Shekara guda tana rage wannan tazarar.

Tsohon Gola:
Wannan zan iya zama a tattauna shi. Sharaɗina ɗaya: a haɗa shi da buɗe AHL ga 'yan 19, kowane kulob ya samu wurin ajiye yaron da ke tsakiya. In ba haka ba ka jinkirta zaɓen ne kawai, ramin yana nan inda yake. Ƙungiyar 'yan wasa kuma sai ta amince, don duk wata ƙa'ida ta shekaru a yarjejeniyarsu da masu kulob take.

Uwar Biyu:
Ni kuma nawa sharaɗin a ƙasa yake. A daina musayar yaron da bai gama sakandare ba a tsakiyar zangon karatu, kuma likitan da zai ce ya warke daga buguwar kai kada ya zama wanda kulob ke biya. Ɗana zai cika 15 baɗi. Mun riga mun gaya masa ko an kira sunansa ba zai bar gida ba sai ya gama sakandare, akwai tawaga a nan garin da zai ci gaba da bugawa.